Gajimare ko sabar ofis: wanne ya dace da kamfaninka?

Alhaji, na karanta tambayarka. Ka ce kuna da ma'aikata goma sha biyu, ofis a Zoo Road, shago a Kantin Kwari, da yaro ɗaya a Legas mai karɓo kaya. Kun gaji da neman rasit a cikin WhatsApp, kana so ka san ko ku shiga tsarin gajimare irin su Google Workspace da Microsoft 365, ko ku sayi babbar kwamfuta, wato saba, ku ajiye a ofis.

Kamar haya ne da gini. A gajimare, takardunku da imel da lissafi suna zaune a kwamfutocin kamfanin da kuka yi rajista da shi, kuna biya kan kowane ma'aikaci duk wata. Saba kuwa taka ce, a ɗakinka take, lafiyarta da ciwonta duk a wuyanka.

Inda gajimare ke ciwo shi ne dala. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Wanda kuɗin rajistarsa ke bin dala, sai ya ga ya ninka uku bai ƙara ko mutum ɗaya ba. Shi ya sa wasu suka koma Zoho, kamfanin Indiya, da ke sa farashi da naira. A nan saba tana da bakin magana: sau ɗaya za ka saya, kuma manhajar ajiye takardu a saba irin Nextcloud kyauta ce.

Sai dai sayen doki ba wuya, ciyar da shi ne aiki. Saba ba ta barci, dare da rana a kunne take. Tana son inbata da batura ko sola, don ɗaukewar wuta tana tsakar aiki na iya lalata ma'ajiyarta. Idan layin wutarku na Band A ne, wato rukunin da ya fi samun wuta, ka tuna a Afrilun 2024 aka kai yunit ɗaya naira 225. Ga zafin bazarar Kano da ke wuce digiri 40, dole sai da na'urar sanyaya ɗaki. Hunturu ya zo, ƙura ta toshe mata fanka. Ga gobara, Allah Ya kiyaye. Wanda ya ga ta kasuwar Sabon Gari a 2016 ya san ba a tara komai wuri guda. Ke nan ko da saba, sai ka ajiye kwafi a wani waje.

Babban abin ma mutum ne. Wa zai riƙa sabunta ta, ya toshe wa masu kutse ƙofa? Microsoft ta daina tallafa wa manhajarta ta imel da ake sawa a saba, Exchange Server 2016 da 2019, a Oktoban 2025, duk mai amfani da su sai ya sake lale. Na taɓa zuwa wani ofis da yaron da ya haɗa musu saba ya samu aiki a Abuja, ya tafi da kalmar sirri a kansa. Kwana huɗu ana kiran waya, akanta na zaune yana shan shayi.

Intanet fa? Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, aiki ya tsaya cak a wurare da yawa. Mai saba a ofis ya ci gaba da aikinsa, gaskiya ne. Amma wannan na amfanar waɗanda ke gini ɗaya ne kawai. Yaronka na Legas da na Kwari ta intanet za su iso sabar, ita ma ɗin. Kuma ma'ajiyoyin gajimare irin Google Drive da OneDrive suna barin ka yi aiki ba layi, in ya dawo su haɗe.

Batun doka a taƙaice: dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora maka alhakin bayanan kwastomominka ko ina ka ajiye su, kuma fitar da su ƙasar waje yana da sharuɗɗa.

Da masana'anta ce a Sharaɗa ko Bompai, ma'aikata da yawa a harabar guda, ga injiniya mai albashi, da na ce a sayi saba. Ku da kuke warwatse wuri uku, ba ku da mai kula, gajimare ya fi muku. Ku fara da mutum biyar masu taɓa lissafi, na wata uku, ku gani. A buɗe asusun da sunan kamfani, lambar da saƙon tabbatarwa zai riƙa shiga kuma ta zama taka, Alhaji, ba ta yaron shago ba.