Jama'a a yi hattara da imel ɗin "kayanka sun maƙale a Legas"

Salam jama'a. Don Allah duk mai shagon buga takardu ko kafe, ko ma wanda yake aiki da laftof a ofis, ya daure ya karanta wannan, abin da ya same mu ranar Talata ko maƙiyina ba na masa fatansa.

Saƙo ne ya shigo imel ɗin shago da sunan wani kamfanin aika kaya, da tambarinsu da kalarsu komai tsaf, wai ƙunshinmu ya maƙale a Legas adireshi bai cika ba, a buɗe takardar da suka haɗo a cike cikin awa 24 ko a mayar da kayan. To dama muna jiran tawadar firinta da muka yi oda, shi ya sa ƙanina bai kawo komai a ransa ba ya sauke. Fayil ɗin zip ne, a ciki akwai wani abu mai hoton PDF, ya danna ya sake dannawa shiru ba abin da ya buɗe, ya ce ƙila netwok ne ya ci gaba da harkarsa.

Bayan la'asar wata ɗaliba ta zo karɓar firojet ɗinta, Word ya ƙi buɗewa. Muka gwada na wani, haka. Hotunan fasfo, katin biki, komai an canza masa suna an kulle, ga wata 'yar takarda a kowace folda wai mu biya da Bitcoin kafin su ba mu makulli. Wallahi zufa ce ta karyo min ga fanka tana juyawa.

Da muka koma kan saƙon a nutse ashe adireshin da ya turo na Gmail ne kawai, sunan kamfanin aka liƙa a sama. Fayil ɗin kuma ƙarshen sunansa .pdf.exe ne, wato manhaja ce aka yi wa rigar takarda, Windows ke ɓoye wutsiyar suna sai ka buɗe folda ka shiga View ka kunna File name extensions da kanka. Ni ma da nawa laifin, gaskiya ɗaya ce, ni na kashe Windows Defender, wato manhajar tsaron da ke zuwa da Windows, tun bara saboda yana hana ni saka manhajar zane ta CorelDRAW ta sata (kirak).

In irin wannan harin na kulle fayil don neman kuɗin fansa (ransomware) ya same ka, fara zare wayar intanet ka kashe wayfai, kar ka soka filasha ko ɗaya, sannan ka canza fasawod ɗin imel da na banki daga wayarka. Kuma kar ka biya, ɓarawo ba ya ba da rasit. Akwai shafin No More Ransom da 'yan sandan Turai da na Holan suka buɗe a 2016 tare da kamfanonin tsaro, kyauta ake duba ko akwai makullin irin naka. Namu dai babu. Muna yin cigiya a Facebook sai ga wani a inbos wai shi gwanin kutsen kwamfuta ne (hacker), a tura masa kafin alƙalami zai buɗe cikin minti goma, shi ma ɗan damfara ne, bulok na yi masa.

Masu Windows 7 ku sani tun Janairun 2020 Microsoft ta daina yi masa gyaran tsaro, Windows 10 ma an rufe nasa a Oktoban 2025. WannaCry, wani harin kulle fayil irin wannan, da ya durƙusar da asibitocin Ingila a 2017 ta kwamfutocin da ba a yi wa ofdet ba ya bi.

Abin da ya ɗan cece mu wani tsohon hard disk ne (ma'ajiyar fayil) da na kwafe aiki a kai wata biyu da suka wuce na jefa a durowa, da yana jone da shi ma ya tafi. Sauran kuwa fomat muka yi, babi na huɗu na yarinyar nan muna nan muna sake buga shi daga rubutun hannunta. Kwastomominmu kuma in kun ga wani saƙo daga imel ɗin shago a satin nan kar ku buɗe, ku kira ni tukun.