Littafin The Conjure Woman, ya cancanci kuɗinsa amma turancin sai haƙuri

Jama'a duk mai son tatsuniya ya nemi littafin nan na Charles Chesnutt, baƙar fatan Amurka, tun 1899 ya fito. Na hannu na samu wajen masu tsofaffin littattafai a Yaba da ke Legas, takardar ta yi ja, bangon ya sha jiki amma shafi ko ɗaya bai ɓace ba.

Labarai bakwai ne, ana bayar da su a wata gonar inabi a jihar Karolina ta Arewa bayan an 'yanta bayi. Abin da ya kama ni shi ne yadda ya saka labari cikin labari. Wani Bature John da matarsa Annie sun zo daga Ohio sun sayi gonar, John ne ke buɗe zance da turancinsa na 'yan boko, sai tsoho Julius da ya yi bauta a wajen ya karɓe da nasa harshen, kuma kusan duk tatsuniyar da ya yi akwai abin da yake hari a ƙasa, wayon Gizo sak. John camfi kawai yake gani, Annie ce ke jin ciwon da ke ciki.

Labarin wani bawa Sandy ya fi tsaya min a rai. Ubangidansa kullum cikin ba da aronsa ga dangi yake, yau nan gobe can, sai matarsa Tenie ta yi asiri ta mai da shi bishiya don ya zauna waje ɗaya kusa da ita, rannan aka aike ta nesa, kafin ta dawo an sare bishiyar an kai injin katako, ta faɗa kan gungumen tana kuka aka ce ta haukace aka ɗaure ta, zarto na ci itacen na nishi. Wallahi sai da na rufe littafin a cikin bas ɗin BRT. Marubucin bai tsaya wa'azi ba, ya bar ka ka ga mutum ya koma katako da idonka.

Inda na sha wuya maganar Julius ce, an rubuta ta yadda ake furtawa, ko kai ɗan Agege ne da ka goge da broka sai ta ba ka ciwon kai da farko. Ku riƙa karantawa a bayyane, kunne ya fi ido saurin kama ta. Bugun da na samu ba bayanin kalmomi a baya, in za ku saya ku duba wannan tukuna.