Tukwanen shuka iri uku da na gwada, ta ƙasa ce ta fi min

Gidan da muke haya tsakar gidan duk siminti aka malale, babu inda za ka soka ko tsinke, ni kuma tun ina gidanmu na saba in leƙa bayan ɗaki in tsinko na'ana'a da ɗoɗɗoya, to shi ne bara bayan babbar sallah na ce bari in gwada shuka a tukunya. Yanzu shekara ta zagayo, na yi amfani da ta roba da ta siminti da ta ƙasa, kuma wallahi bambancinsu ba kaɗan ba ne.

Ta roba na fara saye saboda arha, guda shida baƙaƙe, ba nauyi ko yaro zai ɗauka. Kuskuren farko nawa ne, ban duba gindinsu ba ashe babu huji ko ɗaya, na yi ta ɗura wa alobera ruwa har saiwarta ta ruɓe tana wari, sai da maigidan ya sa ƙusa a wuta ya huhhuda sauran. Bayan nan sun yi lafiya har bazara ta shigo. Ranar watan Afrilu kuwa idan ta daki baƙar robar nan da azahar ba ka iya riƙe ta da hannu, to ina ga saiwar da ke ciki, na'ana'ata ta yi ta yaushi duk da ƙasar da danshinta. Kafin damina ta sauka robar ta ƙame, na kama bakin ɗaya zan ja sai ya ɓalle min a hannu kamar biskit. In a inuwa za a ajiye ko cikin falo ba laifi, amma a rana kam a'a.

Ta siminti guda biyu na saya wurin masu bugawa a bakin titi, sun yi mata fenti fari da ruwan gwal gwanin kyau. Sai da aka ɗauko mai baro da samari biyu kafin ta shigo gida. Lemun tsami na sa a ɗaya, zogale a ɗayar, iska ba ta kayar da ita, akuyar maƙwabta ma ta yi iya yinta ta haƙura. Fentin dai damina ɗaya ta kwaile shi, kuma ranar da za mu tashi daga gidan nan ban san yadda za mu ƙare da su ba.

Ta ƙasa ce ta burge ni. Wata dattijuwa mai sayar da randa da tulu da kasko a kasuwa na roƙa ta gina min guda biyar masu faɗin baki da huji a gindi, ta yi dariya ta ce wai yanzu har ganye ake wa tukunya. Da na je karɓa ta ce min, 'yata ki jiƙa su a ruwa su kwana kafin ki zuba ƙasa, in ba haka ba tukunyar za ta shanye ruwan shukar, na ce to Inna na gode. Kuma gaskiyarta. Yumɓun da aka gasa yana da ƙananan kafofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta jiki iska ta busar da shi, shi ke sa cikin ya yi sanyi, dalilin da ruwan randa yake da sanyi ke nan, da shi ma Mohammed Bah Abba ya yi dabarar nan ta tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya a ƙauyukan Jigawa, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Cikin zafin nan da ya dafa min na roba, attaruguna da ke ta ƙasa ko gezau, iska na shiga saiwar kuma ruwa ba ya kwanciya.

Abin ma ya daɗe, a Misira akwai zane a bangon wurin bautar sarauniya Hatshepsut da ke nuna mutane sun ɗauko itatuwan turare da saiwarsu cikin kwanduna daga ƙasar Punt, wajen shekara 3,500 da suka wuce. Mu ma nan ba baƙin yumɓu ba ne, ga hoton maginiyar tukwane Ladi Kwali nan a bayan naira 20, amma in aka tashi sayen tukunyar fulawa sai kowa ya nufi roba, ni ma haka na yi ai.

Ta ƙasar ma da nata matsalar fa. Da hunturu ƙasar cikinta bushewa take da wuri, sai na ba su ruwa safe da yamma, ranar da na yi tafiyar kwana biyu na dawo na tarar ɗoɗɗoya ta kwanta. Ruwan burtsatsenmu kuma yana barin wani fari-fari a jikinta kamar kanwa, ina goge shi da soso yana dawowa. Sai fashewa, Abba ya buga ƙwallo ya raba ɗaya gida biyu, ban zubar ba dai, tsingaron nake ɗorawa a kan huji don kada ƙasa ta riƙa zuba. Na koma wurin Inna in ƙara guda huɗu ta ce sai dai in jira damina ta ɗauke, yanzu ginin ba ya bushewa balle a gasa.