Zaɓen Hanyar Ƙera Bututun Roba Mai Sarƙaƙƙen Ciki

Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da ke shirin ƙera bututun roba da yawa, kafin ya biya kuɗin inji, ya kamata ya yanka samfurinsa a wurare daban-daban ya duba cikinsa. Idan siffar cikin ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe, ko da ramuka uku ko huɗu ne ke tafiya tare, hanyar tunkuɗo narkakkiyar roba ta bakin ƙarfe ta fi kowace araha, domin bututun yana fitowa ba yankewa, ana sanyaya shi a ruwa ana naɗewa. Sai dai injin yana bukatar wuta mai ɗorewa, musamman ga mai aiki da robar da ake kira PVC, wadda ke ƙonewa idan ta daɗe cikin zafi.

Wahalar tana farawa ne idan cikin yana da lungu, ko yana faɗaɗa sannan ya tsuke. A nan dole a koma ga zubi, wato a tura robar da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, kuma tambayar da za a yi wa maƙerin ita ce yadda ƙarfen tsakiya, wanda ke ba cikin bututun siffarsa, zai fita bayan robar ta daskare. Akwai mai naɗewa da kansa, akwai kuma wanda ake yi da gamin kuza da wani ƙarfe mai suna bismut, mai narkewa a maki 138 na zafi a ma'aunin Celsius, ana narkar da shi ya fita daga cikin robar, wanda aka yi amfani da shi wajen bututun iskar injin mota. Dukansu suna da tsada, saboda haka a ganina zuba ɓari biyu a liƙe su da zafin da girgizar inji ke haifarwa ya fi dacewa da matsakaicin jari, muddin an gwada mahaɗar da matsin ruwa.

Hurawa da iska, irin ta jarkoki, waje kawai take daidaitawa, ba ta ba da iko a kan ciki. Injin da ke gina abu hawa-hawa, wato firintar 3D, kuwa na gwajin samfuri ne.

Sau da yawa haɗa hanyoyi biyu ne mafita, kamar yadda ake yi a bututun ban ruwa na ɗigo: ana zuba ƙaramin maɗigi mai hanyar ruwa a karkace daban, sannan a manna shi cikin bututun tun yana da zafi. Mai saye ya nemi a ƙera masa samfuri da irin robar da zai riƙa samu a kasuwarsa, ya yanka ya auna kaurin bangon, kafin ya sa hannu a yarjejeniya.