Ganin likitan ƙwaƙwalwa ta kiran bidiyo: shekara guda da muka yi ni da ƙanina

Ƙanina yana da shekara 22 lokacin da ya fara kulle kansa a ɗaki, yana cewa maƙwabta suna zaginsa ta bayan katanga, kuma ya daina cin duk abincin da ba a gabansa aka zuba ba. Mun fara da ruƙiyya da rubutu kamar yawancin gidaje, muna zaton iska ce ko sammu, har muka ɓata kusan wata takwas kafin muka kai shi asibiti, inda aka kwantar da shi mako uku, aka shaida mana cewa cutar sikizofiriniya ce, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai rikita tunani, wanda kan sa mutum jin muryoyin da babu su da kuma zargin mutane. Bayan an sallame shi ne muka koma ga wata hidima ta ganin likitan ƙwaƙwalwa ta kiran bidiyo, kuma a kanta nake wannan sharhi, domin na san akwai iyalai da yawa da ke cikin halin da muka shiga.

Nisa ne ya kai mu gare ta. Najeriya tana da mutane fiye da miliyan 200, amma ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, kuma akasarinsu suna manyan birane ne. Wanda ba ya kusa da asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna ko Kware ko Maiduguri, sai ya yi asubanci ya biya kuɗin motar mutum biyu, tunda mara lafiya ba zai tafi shi kaɗai ba. Ga ƙanina kuwa, hayaniyar tashar mota ita ce babbar azaba, domin a cikin taro muryoyin da yake ji suke ƙara ƙarfi. Idan aka tsallake ranar ganin likita sau ɗaya ko biyu, magani ya ƙare, ciwo ya dawo. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 24 ne a duniya ke da wannan cuta, wato ɗaya cikin 300, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na masu irin wannan rikicewar tunani ba sa samun kulawar ƙwararru.

Tsarin ba shi da wuya. An yi rajista a manhaja, an tura hoton takardar sallama da na magungunan da yake sha, an zaɓi rana da lokaci, an biya kuɗi ta waya, kuma kuɗin bai kai abin da muke kashewa a mota zuwa da dawowa ba. Abin da ya fi daraja a wurina shi ne an haɗa mu da likita mai jin Hausa, kuma ita ce dai muke gani duk wata, ba a canza mana ba. Takan fara da shi, sannan ta ce in ba su wuri, daga ƙarshe ta kira ni ta ji ta bakina game da barcinsa da wankansa da cin abincinsa.

Zaman farko bai tafi yadda nake fata ba, kuma a nan ne na gane ƙwarewarta. Zargi yana cikin jikin wannan ciwo, kuma ƙanina ya daɗe yana ganin cewa ana sauraronsa ta waya, saboda haka da fuskar likitar ta bayyana sai ya danne kyamara da babban yatsa ya yi shiru. Ba ta yi masa gardama ba, ba ta kuma ce tunaninsa ba gaskiya ba ne. Ta kashe bidiyon nata, ta ce masa, “Malam, mu yi da murya kawai har ranar da ka ga dama,” sannan ta yi masa bayanin cewa ba a naɗar hirar, ta kuma faɗa masa su wane ne ke iya ganin bayanansa. Sai a zama na uku ya kunna kyamarar da hannunsa. A ranar ne ta tambaye shi ko muryoyin suna ba shi umarni ne ko magana kawai suke yi, ya ba ta amsar da bai taɓa ba mu ba a gida, yana zaune a kan tabarmar ɗakinsa. Na yi kuka a tsakar gida bayan an gama kiran.

Ta fuskar magani ma mun amfana. An sallamo shi a kan wani magani mai suna haloperidol, wanda ya sa masa rawar hannu da sandarewar jiki har yana jin kunyar shiga masallaci. Ta sa shi ya miƙa hannuwansa a gaban kyamara, ya tashi ya yi tafiya ta gani, daga nan ta mayar da shi kan olanzapine a hankali. Sai dai wannan magani yana sa ƙiba, yana kuma iya ɗaga sukarin jini, kuma ba a auna nauyi ko hawan jini ta waya. A nan hidimar ta gaza, domin ba ta da wata alaƙa da ƙananan asibitocin da ke kusa da marasa lafiya. Ni nake kai shi awo, ni nake ɗaukar hoton sakamako in tura, kuma sau biyu aka ƙi sayar mini da magani a kemis saboda takardar likita a waya take. Wanda aka ɗora a kan allurar da ake yi bayan 'yan makonni, irin su fluphenazine, dole ya nemi ma'aikacin jinya da kansa, wanda ke shan clozapine kuwa ba zai rabu da gwajin jini a kai a kai ba.

Matsalar sabis sananniya ce, amma bai dace a lissafa wa mara lafiya mintocin da kira ya yanke a cikin lokacin da ya biya ba, kuma an yi mana haka da damina. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wani dare da na gano ya yi kwana goma yana ɓoye ƙwayoyin a ƙarƙashin katifa, ga shi ya kwana uku bai runtsa ba. Na aika saƙo, ba a amsa ba sai washegari da rana, lokacin mun riga mun kai shi asibiti. Gaskiya ne sun rubuta cewa ba sa karɓar matsalar gaggawa, amma da Turanci suka rubuta, a can ƙasan shafi, alhali ya kamata a faɗa wa iyali wannan da baki tun ranar farko. Haka nan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙoƙin marasa lafiya, kuma zan so in ga an rubuta su da Hausa a cikin manhajar.

Ina ba da shawarar wannan hidima ga wanda likita ya riga ya gani ido da ido, ciwonsa ya lafa, kuma yana da ɗan'uwa mai lura da maganinsa. Wanda ya daina barci, ko ya ƙi abinci, ko yake maganar kashe kansa ko cutar da wani, a kai shi asibiti nan take, kada a tsaya jiran waya. Mu dai mun ci gaba da ita. Ƙanina ya koma shagon ɗinki yana yin rabin yini, kuma watan jiya shi ya tuna mini: “Yaya, gobe ne ranar likita, a sa wayar a caji.”