Horon karanta hoto a Yamai: malami ya iya, masu shiryawa sun gaza

Na yi rajistar horon karanta hoto da wata cibiya ta shirya a nan Yamai da zaton za a koya mana manhajojin binciken hoto Google Lens da TinEye, domin gano asalin hotunan da ake turo mana ta WhatsApp, musamman tsofaffin hotunan ambaliya da ake tonowa kowace damina a ce na bana ne. An koyar da su a gurguje.

Abin da ya burge ni shi ne darasin da malamin ya yi a kan hoton da Kevin Carter ya ɗauka a Ayod, kudancin Sudan, a 1993, inda yaro ya durƙushe saboda yunwa, ungulu na tsaye a bayansa. Ya hana mu faɗin abin da muka ji a rai, ya ce mu fara lissafa abin da ido ya gani kawai, sannan mu tambayi inda mai hoton ya tsaya da abin da ya bari a waje. Sai da muka gama yanke hukunci ya gaya mana cewa akwai wurin rabon abinci kusa, wanda hoton bai nuna ba, cewa jaridar New York Times ta buga shi a matsayin yarinya alhali namiji ne, kuma yaron bai mutu a wannan yunwar ba. Hoton ya ci kyautar Pulitzer ta aikin jarida a 1994 kuma babu ƙarya a cikinsa, amma rabin labarin da muka riƙe mu ne muka ƙara shi da kanmu. Don wannan darasin kaɗai da na ce kuɗina ya halatta.

Sai dai raina yana ɓaci duk lokacin da na buɗe takardun da aka raba mana. Kwafi ne baƙi da fari, tawada ta cuɗe, har hoton Stalin, shugaban tsohuwar Tarayyar Soviet, da aka goge jami'insa Nikolai Yezhov daga gefensa ba ka bambance na asali da wanda aka taɓa. Ta yaya za a koyar da duban haske da inuwa da irin wannan takarda? Da wuta ta ɗauke majigi ya mutu, babu injin wuta, malamin Allah sarki ya koma zagayawa da wayarsa kujera kujera. Ko hoto ɗaya na Nijar ba a kawo mana mu tattauna ba, kuma takardar shaidar da aka haɗa kuɗinta cikin rajista har yau ana ce mana a dawo mako mai zuwa.