Babban kamfanin hada-hadar kuɗi ko ƙaramin kamfani?

Ƙanena, ka ce ka shekara biyu kana rubuta manhaja, yanzu ga aiki biyu a gabanka: ɗaya a babban kamfanin hada-hadar kuɗi ta intanet a Legas, ɗaya a ƙaramin kamfani da ma'aikatansa ba su kai ashirin ba. Na yi aiki a irin duka biyun, kuma ni dai na fi son ka fara da babban.

A ƙaramin kamfani wuƙa da nama suna hannunka. Da safe ka gyara fuskar manhaja, da rana ka taɓa rumbun bayanai, da yamma ka saki aikin, ba mai tare ka. Hannunka zai faɗa da wuri. Sai dai ba kullum ake samun na gaba da kai da zai ce maka nan ka kauce ba, kuma albashinka na rataye ne a aljihun masu zuba jari.

A babban kuwa, gyaran layi goma na iya kwana uku ana dubawa kafin a sake shi. Da farko abin ya riƙa ƙona mini rai, har ranar da aka buga mini waya da ƙarfe biyu na dare: an cire wa mutane kuɗi, kuɗin kuma ba su isa ba. A cikinsu akwai mai POS da jarinsa ke nan gaba ɗaya. Tun daga ranar ban sake ƙorafin jinkiri ba.

A can ne za ka koyi abin da ba a cika koyarwa a bidiyon YouTube ba. Mutum ya danna "tura" sau biyu don sabis ya tsaya, dole manhajarka ta gane buƙata ɗaya ce, kada ta cire masa sau biyu. Kuɗi da kwabo ake ajiye su, ₦500 ta zama kwabo 50000, don kada lissafin lambobi masu ɗigo (kamar 500.25) ya cinye ko kwabo ɗaya. Kullum kuma sai an daidaita littafin kamfani da na NIBSS, wadda ta hanyarta kuɗi ke ratsawa tsakanin bankuna. Ka tuna wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, lokacin da kowa ya koma tiransifa. Injiniyoyin da ke riƙe da waɗannan na'urori sun ga abin da ake kira cunkoso.

Ga kuma hukuma a kanka. A Afrilun 2024 Babban Bankin Najeriya ya hana OPay, PalmPay, Kuda da Moniepoint buɗe wa sababbin mutane asusu, sai a Yuni aka ɗage. Umarni irin wannan idan ya sauko, duk abin da ka tsara na wata uku ajiye shi za ka yi.

Kar ka raina ƙaramin, don Paystack ma, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya, da mutum biyu ta fara kafin Stripe, babbar takwararta ta ƙasar waje, ta saye ta a 2020. Amma kafin ka sa hannu a takardar babban, ka tambaye su sau nawa a wata jiran dare, wato zama cikin shiri ko manhaja za ta samu matsala da dare, zai faɗo kanka, ko ana biyan sa daban, da kuma wane ne zai riƙa duba aikinka a watanni shida na farko.